Yaƙin da Na Kai Yamai a Cikin Jaka

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. Wanda ya kawo takarda a buga masa a shagona sai ya tsaya ya ce, "Saratu, wai da gaske yaƙi kika je yi Nijar?" Matan unguwarmu kuma sun rabu biyu, wasu na cewa kwangila na samo, wasu na cewa wata caca ce ta zamani. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wanda ya sake tambaya, sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Bari in fara da wasan, don shi ne ya fitar da ni daga Illela. Wasan yaƙi ne na kwamfuta, amma ba irin na harbe-harbe da yara ke dannawa da sauri ba. Ya fi kama da dara: ka motsa rundunarka ka gama, sannan abokin karawarka ya motsa tasa. Filin an yanka shi gida-gida kamar saƙar zuma, akwai tudu, akwai daji, akwai ruwa da ƙauyuka. Wanda ya kashe sarkin yaƙin ɗan'uwansa shi ya ci. Masu wasan sun bar ƙofarsa a buɗe, kyauta ake saukewa, kuma duk wanda ya iya yana da damar leƙa cikinsa ya gyara ko ya ƙara wani abu. Ni na fara shi ne don kashe lokaci idan babu masu kawo aiki. Daga baya na zana filin yaƙi na kaina, na sa masa suna Kalmalo, da tafkin da ciyayin bakinsa. Sai kuma na shiga mayar da rubutun wasan gaba ɗaya zuwa Hausa.

Ashe ba ni kaɗai ke wannan aikin ba. Wani mutumin Damagaram, Malam Isufu, shi ma ya yi tasa fassarar. Gurbin Hausa kuwa ɗaya ne a cikin wasan, kuma mutum ɗaya ake ba mabuɗinsa, wato ikon karɓar gyara ko ƙin karɓa. Mun daɗe muna sa-in-sa da shi a dandalin masu wasan na intanet. Ya ce Hausata ta rediyo ce, na ce tasa rabinta Faransanci ne. Da rigimar ta ishi kowa, sai Madam Awa, wata 'yar Wagadugu da ke kula da fassarorin yankinmu, ta ce mu zo taron da za a yi a Yamai a raba gardama ido da ido.

Maigidana bai hana ni ba. Sharaɗinsa ɗaya, in tafi da Gwaggo Hassi, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi shekaru tana kai atamfa Ƙonni da Yamai. Da na kai mata maganar, ta dube ni sama da ƙasa.

"Mi kika zuwa yi can?"

"Gardama, Gwaggo."

"To wagga kam kin gada. Tashi mu tahi."

Daga gidanmu zuwa bakin iyaka ba nisa. Duk ɗan Illela ya san Ƙonni kamar tafin hannunsa, don haka ban ɗauka zan samu wani labari a nan ba. A ɓangarenmu an duba takardu aka ce mu wuce. A ɓangaren Nijar ne wani jami'i, dogo mai furfura a gemu, ya ce in buɗe jaka, sannan in kunna kwamfutar. Na kunna. Na manta ban rufe wasan ba tun daga gida. Sai ga taswira ta cika fuskar na'urar, an rubuta Kalmalo ɓaro-ɓaro a sama, ga jajayen tutoci sun kewaye tafki, ga shuɗɗa sun tare hanya.

Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, fuskarsa ta canja.

"Madam, waɗannan mutanen na wane ne?"

"Jajayen nawa ne, ranka ya daɗe. Shuɗɗan na kwamfuta ne."

"Kina da mutane a Kalmalo ke nan."

Ban ga laifinsa ba. A wannan zamani, wanda ya ga taswirar bakin iyaka da tutoci a kai dole ya tsaya. Na ce ya ba ni izini in matso da hoton kusa. Da na matso, sai ga mutanen nawa sun bayyana: 'yan baka da kwari a baya, da masu mashi, ga kuma wani ƙaton dodo mai kan kada, na rundunar kwamfuta, da ke zaune a tsakiyar ruwa. Na bayyana masa yadda ake yi. Ya ce idan gaskiya ne wasa ne, in ba shi ya taɓa. Na juya masa na'urar. Bai yi wata-wata ba ya ɗauki sarkin yaƙina ya tura shi cikin tafki don ya sari dodon. Na ce masa a cikin ruwa mutum ba ya iya kare kansa. Ya ce soja ba ya tsoron ruwa. Da juyi ya koma hannun kwamfuta, dodon ya haɗiye shi.

Gwaggo da ke zaune kan ƙullin atamfarta ta ce, "Allah shi jiƙan maza."

Jami'in ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya buga mana hatimi, ya ce in rubuta masa sunan wasan a bayan wata takarda, ɗansa na da kwamfuta.

A tashar Ƙonni na ga abin da ya burge ni. Mu a gida mota ba ta tashi sai ta cika, ko da za a wuni. Can kuwa babbar motar Yamai tana da lokacinta, kowa da lambar kujerarsa, kuma ba ta jiran kowa. Gwaggo ta san haka sarai, amma ta haɗu da wata ƙawarta mai sayar da turare suka shiga gaisuwa, daga 'ya'ya zuwa jikoki zuwa waɗanda suka rasu bara. Ina ta taga ina kiranta, motar ta fara ja. Sai da na buga jikin motar da tafin hannu direban ya taka birki. Ta shigo tana haki, ta ce wa direban ko jirgin Makka yana jiran tsofaffi. Ya ce mata shi ba jirgin Makka ba ne. Ba su sake magana ba sai a Dogon Dutse, inda ta saya masa kilishi suka shirya.

Hanyar doguwa ce, kuma ana yawan tsayawa a duba katin shaida. Kowa ya sauka, a kira suna, a koma. Tun ina ƙirgawa har na bari. A Doso muka yi sallah muka ci abinci. Nan na fara lura cewa Hausa ta fara ja da baya. Na ce wa mai abinci ta zuba min shinkafa, ta amsa min da Zabarmanci, na tsaya ina kallonta kamar baƙuwar da ta sauka daga wata duniya. Ni da na taso ina ganin duk inda ka shiga Nijar Hausa za ta fisshe ka. Gwaggo ce ta karɓi maganar, ta koya min "fofo", ta ce in riƙe ta, da ita ake gaisuwa da ita ake godiya.

A Yamai mun sauka gidan Hajiya Ramatu, abokiyar cinikin Gwaggo. Gida ne mai faɗin tsakar gida, da bishiyar mangwaro da ke ba da inuwa har ƙofar ɗaki. Zafin garin ya fi namu nauyi, ga laimar kogi a ciki. Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar sanda, mai taurin baya. Na gatsa, ɓawonsa ya kankare min dasashi. Gwaggo ta tsoma nata cikin shayi ta ce haka ake yi masa, sai an lallashe shi. Amma dambun zogalen da aka yi mana da rana, da soyayyen kifin kogi, ban taɓa cin irinsu ba, kuma ni ba mai saurin yabon girkin wani gida ba ce. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda gari ke mutuwa da tsakar rana. Na fita neman abin da zan haɗa cajata da soket ɗinsu, don ramukansu zagayayyu ne, namu ba ya shiga. Shago bayan shago a rufe, wai an tafi hutun rana. A Illela wanda ya rufe shago da azahar ya kwanta, sai a je gaishe shi a tambayi jiki.

Taron an yi shi a wani zaure na wata makaranta. Mutanen ba su da yawa, za su cika aji ɗaya. Akwai 'yan Nijar, da 'yan Burkina, da wasu daga Jamhuriyar Benin da Mali, kowa da kwamfutarsa, wayoyi sun sarƙe a ƙasa kamar igiyoyin rijiya. Mata mu uku ne, sai Gwaggo ta huɗu, wadda ta ce ba za ta zauna gida a ci ɗiyarta da yaƙi ba ta gani ba. Madam Awa ta tarye ni da fara'a, ta kawo kuncinta kusa da nawa hagu da dama. Na sandare, don ban san ana haka ba, har goshinmu ya gwaru. Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, irin ta kasuwa, da ita muka yi ta lallaɓawa.

A dandali ba da sunana nake rubutu ba, Bakin Iyaka nake sa wa. Ina tsaye sai ga wani dattijo siriri, da farar riga da tabarau, yana bin mazan wurin ɗaya bayan ɗaya yana tambaya wane ne Bakin Iyaka. Na bar shi ya gama zagayensa, sannan na matsa na gaishe shi.

"Malam, ina wuni. Ni ce."

Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ke ce kika ce min Hausata ta sha ruwan Faransa?"

"Ni ce, Malam. Kai kuma ka ce tawa ta rediyo ce."

"Na faɗa, kuma ban janye ba." Ya jawo min kujera. "Amma da na san ɗiya ce, da na sassauta harshe."

"Da ka sassauta, da ban zo ba."

Muka zauna. A nan na san ko wane ne shi. Tsohon malamin makaranta ne, ya yi shekaru yana koyar da yara karatu da Hausa a lokacin da mutane ke ganin ɓata lokaci ne. Jikokinsa ne suka nuna masa wasan, ya ga suna yinsa da Faransanci, abin ya tsaya masa a rai. Da yatsa ɗaya ya buga fassararsa duka. Na ji nauyinsa, ba zan ɓoye ba. Sai dai ni ma ban tsinci tawa a hanya ba, kuma na san ta fi tasa daidaito. Shi yakan kira abu ɗaya da suna uku a wuri uku.

Madam Awa ta sa aka haska fassarorin biyu a bango. Aka yi ta muhawara har la'asar ta kusa, ba a cimma komai ba. Yawancin mutanen wurin ba Hausawa ba ne, Hausawan kuma kowa ya bi na ƙasarsu. Har kan yadda ake rubuta 'ya'ya sai da muka yi, mu da waƙafin sama, su da harafi mai ƙugiya. Can Malam Isufu ya miƙe ya ce shi ya gaji.

"Mu mayaƙa ne ko ba mayaƙa ba? A ba mu fili. Wanda ya ci ya riƙe mabuɗi."

Madam Awa ta dube ni. Na ce na yarda. Aka zaɓi filin da ba nawa ba ba nasa ba, kogi a tsakiya, ƙauyuka a kowane gefe. Aka haɗa kwamfutocinmu, aka haska wasan a bango don kowa ya gani.

Na raina dattijon nan, kuma na gane kuskurena da wuri. Yana da sauri kamar matashi. Kafin in gama jera masu mashina a bakin kogi, mahayansa sun tsallaka ta gabas sun ƙwace min ƙauyuka. A wasan, ƙauyuka ne ke ciyar da runduna, wanda ya rasa su ba ya iya ɗaukar sababbin mayaƙa. 'Yan Nijar suka fara tafi. Gwaggo ba ta fahimci komai a bangon ba, amma ta fahimci tafin, ta matso da kujerarta.

"Saratu, cin ki shika yi?"

"Yana ƙoƙari, Gwaggo."

Ana cikin haka kwamfutarsa ta yi ɗif ta mutu. Tsohuwa ce, zafi ya yi mata yawa. Aka yi fifita, aka cire batir aka mayar, ko motsi. Madam Awa ta ce dokar taron a fili take, wanda na'urarsa ta faɗi a tsakiyar wasa ya faɗi. Malam Isufu bai yi musu ba. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya ɗora hannuwansa biyu a kanta.

Gwaggo ta raɗa min, "Allah ya ba ki. Amshi abinki mu tahi."

Na ce a'a. Wasan yana ajiye a tawa na'urar, kuma ana iya ci gaba a kwamfuta ɗaya, in yi nawa in miƙa masa ya yi nasa. Mutane sun yi ta yaba min daga baya wai na yi halin girma. Gaskiyar magana ba tausayi ba ne. Na riga na ga inda zan kama shi. Garin gaggawa ya kwashe kowa ya tura gabas, ya bar sarkin yaƙinsa a sansani daga shi sai mai gadi ɗaya. Ban so in koma Illela a ce zafin Yamai ne ya ci min wasa.

Sai dai kwamfutata da Hausata take magana. Dole Malam ya yi yaƙinsa da kalmomina, kuma bai bar ko ɗaya ta wuce lafiya ba.

"Mene ne kuma sojan ƙasa? Dakaru ake cewa."

"Taka, Malam, lokaci na tafiya."

Ya matsa da linzamin kwamfuta kan kogi, rubutu ya fito. Ya karanta da ƙarfi.

"Ruwa mara zurfi. Ɗiyata, duk Sakkwato babu wanda ya gaya miki sunansa mashigi?"

Zauren ya kwashe da dariya, har da waɗanda sai da aka fassara musu. Ya fi ni gaskiya, kakata ma haka take cewa. Na bar shi yana gyara min Hausa, ni kuma ina janye masu mashina baya kaɗan-kaɗan kamar wadda ta tsorata. Ya biyo ni da duk ƙarfinsa. A can yamma kuwa, 'yan bakana uku suna ratsa daji, inda ba a ganin mayaƙi sai an zo dab da shi. Kowane juyi ina matsa su, shi hankalinsa na kan ƙauyukan da yake ci da kalmomin da yake tsinta.

Da suka fito daga daji suka tsaya a bayan sansaninsa, sai a nan Malam ya gan su. Ya kai hannu ga linzami ya tsaya. Mahayansa sun yi nisa, ko sun juyo ba za su iso ba. Ya tura mai gadin ya tare ɗaya, ya ja sarkin yaƙin zuwa kan tudu, wanda shi ne daidai, don a tudu kibiya ta fi kuskure. Juyi ya dawo hannuna. Na farko ya harba ya kuskure. Na biyu ya same shi, bai kashe ba. Idan na ukun ya kuskure, rundunata ta gabas ba za ta ƙara kai wani juyin ba. Na yi bisimilla na danna. Sarkin yaƙin Malam ya faɗi.

Rubutu ya fito a bango, "An ci ka da yaƙi." Malam Isufu ya karanta, ya gyara zaman tabarau.

"Wannan dai kin rubuta shi daidai," in ji shi.

Madam Awa ta sa sunana a matsayin mai riƙe da gurbin Hausa a gaban kowa. Na je na durƙusa na gaishe da Malam, na ce ina roƙon ya riƙa turo min gyara, don ƙofar a buɗe take ga kowa. Ya ce ba sai na roƙa ba. Gwaggo ta ciro turmin atamfa cikin kayanta ta ba shi ya kai wa iyalinsa, ta ce masa kada ya ji komai, duk zuriyarmu haka muke, ba a cin mu gardama. Wani saurayi ɗan Benin kuma ya buɗe kwamfutar tasa ya share ƙurar da ta toshe ta, ta tashi.

Mun ƙara kwana biyu, Gwaggo ta sayar da kayanta, ni kuma na ga kogin da gadarsa, na koya wa matan nan biyu yadda ake zana fili. Dawowa ba a yi wani abin labari ba, sai dai wannan karon Gwaggo ce ta fara shiga mota.

Muna shigowa Ƙonni wayata ta yi ƙara. Malam Isufu ne, ya turo gyare-gyare jere, tun kafin ma ya isa Damagaram. Na karanta su a tsaye a tasha, Gwaggo na cinikin kabu-kabu, babur ɗin hayar da zai kai mu iyaka. Na farko mashigi ne, na karɓa nan take. Na biyu yana so in cire kwamfuta in sa sunanta na Faransanci, na ƙi, na rubuta masa dalili. Na ukun kuwa, kan ko juyi za a ce ko zagaye, yau wata na biyu ke nan muna kansa, kuma jiya ya rubuto cewa idan na isa in sake ba shi fili.

Na ce masa ya zaɓi ranar.